Mota Ko Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi Da Sanyin Hunturu: Abin Da Manomi Zai Duba Kafin Ya Kira Makanike

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu aikin noman rani yake kankama a Bunkure da Kura da Garun Malam. Alkamar da aka shuka a Nuwamba tana neman ruwa a kan kari, tumatir ya fara nuna, albasa da masara na bin baya. Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga ta manyan magudanun aikin ban ruwa na Kogin Kano ba ya jiran kowa, idan ranar layinku ta wuce sai wani zagayen. Waɗanda gonakinsu ke gefe, ko suke ɗibar ruwa daga rijiya da rafi, su kuma duk dogaronsu yana kan injin. A daidai wannan lokaci ne kuma ake yawan wayar gari mota ko tarakta ko injin ban ruwa ya ce ba zai tashi ba.

Asarar ba ƙarama ba ce. Tumatir da aka tsinka da yamma aka zuba a kwando, idan bai isa kasuwar Kwanar Gafan da safe ba, masu lodin manyan motoci zuwa Kudu sun gama ciniki, rana kuma ta fara taɓa shi. Alkama da ta rasa ruwa lokacin da take fitar da kai ba ta mayar da abin da ta rasa.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, sanyinmu bai kai ya kashe lafiyayyen inji ba. A ƙasar Kano, ko a tsakiyar hunturu, sanyin asuba yakan sauka ne kusa da digiri 12 zuwa 14, wani lokaci ya ɗan yi ƙasa da haka. Wannan bai kai ya daskarar da ruwa ko man gas ba kamar yadda ake gani a Turai. Abin da sanyin yake yi shi ne tona asirin raunin da injin ya daɗe da shi: batir da ya tsufa, filogi da ya yi datti, matatar iska da ƙura ta toshe, ko mai da ya sha ruwa. Don haka yawancin matsalolin manomi zai iya gano su da kansa, idan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai arha zuwa mai tsada.

Me sanyi yake yi wa inji?

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa da asuba.

Na ɗaya, batir yana rage ƙarfi. Wutar batir daga haɗuwar sinadarai take fitowa, sanyi kuma yana rage musu kuzari. Sai dai a wurinmu zafin bazara ne yake cin batir, watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan cikinsa ke ƙafewa. Batirin yana ta lallaɓawa har damina ta wuce, ranar da ɗari ya sauko sai ya kasa.

Na biyu, baƙin mai yana yin kauri. Injin sai ya yi nauyin juyawa, ga shi batirin da zai juya shi ya yi rauni.

Na uku, fetur ba ya saurin zama tururi a cikin sanyi, kuma tururin ne yake kamawa da wuta. Shi ya sa ake jan cok. Injin man gas shi kuma ba shi da filogi mai tartsatsi, zafin iskar da aka matse a cikin silinda ne yake kunna man. Idan ƙarfen ya kwana da sanyi, sai ya shanye wannan zafin.

Na huɗu, ƙurar hazo. Ita ce ke toshe matatar iska, ta shiga tanki duk lokacin da aka buɗe shi, ta kwanta a kan wayoyi.

Ka fara da kunne

Kafin ka ɗauko sufana, murɗa makulli ka saurara. Ƙarar da motar ta yi ita za ta nuna maka inda za ka nufa.

- Shiru, ko fitilun gaban direba ba su kawo ba: batir ya mutu, ko kan batir ya kwance, ko babban fis ya ƙone.
- Fitilu sun kawo, amma ana jin "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri: wutar batir ba ta isa ba, ko kan batir ya yi datti.
- "Ƙat" sau ɗaya mai ƙarfi, fitilu ba su dushe ba: a zargi sitata ko wayarta.
- Injin na juyawa a hankali kamar mai jin barci: batir ya yi rauni, ko baƙin mai ya yi kauri da yawa.
- Injin na juyawa da ƙarfi yadda ya saba, amma bai kama ba: batir lafiya lau, matsalar tana wajen mai, ko wuta, ko iska.
- Ya kama ya mutu, ya kama ya mutu: mai ba ya isowa sosai, ko akwai ruwa a cikinsa, ko an saki cok da wuri.

Ƙa'ida ɗaya da za ka riƙe: kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda. Ka saki, ka jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ka sake. Idan ka gwada sau uku ko huɗu bai kama ba, to tsaya haka nan. Ci gaba da murɗawa zai ƙarasa batirin, ya kuma ƙona sitata, ka ga an tashi daga ƙaramin gyara an koma babba.

Batir da kawunansa

A nan mafi yawan matsalar take, kuma sau da yawa batirin kansa lafiyarsa ƙalau, kawunan ne suka yi datti.

Buɗe bonet ka duba. Idan ka ga farin gari ko kore-kore a kan kawunan, ko ka kama wayar da hannu ta juya, to ka samo ɓarawon. Kashe komai ka zare makulli. Fara kwance baƙar waya mai alamar (−), sannan ja mai alamar (+). Wanke kawunan da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, ka goge da burushin ƙarfe ko samfefa har ƙarfen ya yi haske. Ka kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batirin. Wajen mayarwa sai ka fara da ja, ka ƙare da baƙa, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris a kai. Ka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, domin can ma takan yi tsatsa ko ta kwance saboda gargadar hanyoyin gona.

Gwaji mai sauƙi: kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba, kai kuma ka murɗa makulli. Idan fitilun suka dushe sosai ko suka mutu, wuta ce ta yi kaɗan. Idan suka tsaya da haskensu amma injin bai juya ba, sai a koma kan sitata.

Wanda yake da mitar awon wuta, ga abin da lambobin ke nufi a batir mai bolt 12 da ya kwana ba a taɓa shi ba:

- 12.6 ko sama da haka: a cike yake.
- 12.4: ya ɗan sauka, amma zai tayar.
- 12.2: kusan rabi ya rage.
- 12.0 ko ƙasa: yana neman caji yanzu.

Lokacin da ake murɗa makulli, bai kamata lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan motar ta tashi, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da 'yan kai alhali injin na aiki, altaneta ba ta caji, ko fanbel ya saki. A irin wannan hali ko ka sayi sabon batir, kwana kaɗan zai yi ya mutu. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗin batir a kan fanbel kawai.

Batir mai murafu, a buɗe a duba ruwansa. Idan ya sauka ƙasa da farantan ciki, a ƙara masa tataccen ruwan batir da ake sayarwa a shagon kayan mota. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda, ban da ƙarin asid. Batirin da ya kumbura ko ya tsage kuwa, ba a caja shi, ba a yi masa jan wuta, canzawa ake yi.

Jan wuta daga wata mota

Idan an samu mota mai lafiya, a tabbatar batiran duka masu bolt 12 ne. Manyan motoci da yawa bolt 24 suke amfani da shi, haɗa su da ƙaramar mota zai ƙona mata kayan wuta. Motocin kada su taɓa juna. Ga tsarin haɗawa:

1. Jar waya a kan (+) na mataccen batir.
2. Ɗaya bakin jar wayar a kan (+) na mai lafiya.
3. Baƙar waya a kan (−) na mai lafiya.
4. Ɗaya bakin baƙar wayar a jikin ƙarfen injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batirin.

Dalilin na huɗun shi ne, batir yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta, tartsatsi kusa da shi na iya fasa shi, asid ya watsu a fuska. Saboda haka kuma ba a shan taba ko haska ashana a kan batir. A tayar da mota mai lafiya, a bar ta ta yi kamar minti biyar, sannan a gwada ɗayar. Idan ta tashi sai a cire wayoyin daga ta huɗu a koma ta ɗaya. Kada a kashe ta nan take, a yi tafiyar aƙalla rabin awa.

Turi

Turi na motar da ake sa wa giya da hannu ne kawai. Mota mai otomatik ba ta tashi da turi. A kunna makulli, a taka kuloci, a sa giya ta biyu, idan ta ɗauki gudu a saki kuloci, da ta kama a sake takawa. Ka tuna kafin injin ya tashi birki yana da tauri, sitiyari ma haka. Kada a tura mota a kan hanyar da ke bakin babbar magudanar ruwa, ko da lodi a kanta a gangara. Idan batirin ya mutu murus har fitilu ba sa kawowa, motocin zamani masu injekta ba za su tashi da turi ba, domin famfon mansu da wuta yake aiki.

Injin na juyawa amma bai kama ba: motar fetur

Fara da abin da ake jin kunyar dubawa: akwai mai kuwa? Gejin tsofaffin akori-kura ba abin yarda ba ne.

Mota mai injekta, idan ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kawowa, za ka ji ɗan gurnani daga wajen tanki na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon mai ke nan. Idan ba ka ji ba, duba fis da rile ɗinsa kafin ka yanke cewa famfon ya mutu.

Mota mai kafireta, ja cok, taka totur sau ɗaya ko biyu, sannan ka murɗa. Idan ka ji warin fetur ya cika wurin, mai ya yi yawa ya jiƙa filogi. Mayar da cok, danne totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa na ɗan lokaci. Iska za ta shiga ta busar.

Sai wuta. Gonakin da ke kusa da ruwa suna samun raɓa da asuba ko da hunturu ne. Raɓa da ƙura idan suka haɗu a kan wayoyin filogi da murfin distirbuta, wutar sai ta bi ta waje. Goge su da busasshen tsumma. Kwance filogi ɗaya ka duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai gari yana nufin mai ya fi iska yawa, sau da yawa saboda matatar iska ta toshe, jiƙaƙƙe da fetur yana nufin mai na zuwa amma wuta ba ta kama shi, baƙi mai maiƙo kuma injin ne ke shan baƙin mai, wannan aikin makanike ne.

Tarakta da motar man gas

A nan hayaƙin salansa zai taimake ka. Sa wani ya tsaya ya duba lokacin da kake murɗawa.

Idan farin hayaƙi na fita amma injin bai kama ba, mai yana isowa, zafi ne bai isa ba. Motocin man gas da yawa suna da hita a kan kowace silinda. Ka murɗa makulli ka jira fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka tayar. Da sanyi sosai, ka yi haka sau biyu. Idan fitilar ba ta kawowa sam, ko injin ya tashi yana karkarwa da farin hayaƙi na minti ɗaya ko biyu, wataƙila hita ɗaya ko biyu sun ƙone. Wasu taraktoci hitarsu a bututun shigar iska take, kuma akwai wurin da ake tsayar da makulli na ɗan lokaci kafin a ƙarasa murɗawa. Direbobi da yawa suna tsallake wannan wurin. Ka sani kuma injin man gas sai ya juya da sauri yake samun zafin kamawa, batirin da zai iya tayar da motar fetur da ƙyar ba zai tayar da shi ba.

Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isowa. Duba waɗannan:

- Maɓallin kashe inji na ja, an mayar da shi ciki?
- Famfon da ke ƙarƙashin tanki a buɗe yake?
- Kofin gilashi ko matarar ruwa da ke ƙarƙashin filta: idan ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, kwance ka zubar har mai tsantsa ya fito.
- Iska ta shiga layin mai? Hakan na faruwa idan mai ya ƙare a tanki ko an canza filta. Sassauta ƙusar fitar da iska da ke kan filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, sannan ka ɗaure.

Idan tarakta ta yi shiru gaba ɗaya alhali batir na da ƙarfi, duba giya. Taraktoci irin su Massey Ferguson suna da makunnin tsaro da ke hana su tashi sai giya tana furi. Kada ka taɓa tsayawa a ƙasa ka haɗa wayar sitata da sukundireba. Idan tana cikin giya, kanka za ta bi.

Daga ina ruwa yake shiga mai? Hanya biyu ce. Tankin da ya kwana rabi, iskar cikinsa tana yin gumi idan dare ya yi sanyi, gumin ya gangara ƙasan tanki. Sai kuma man jarka na bakin hanya da wanda ya daɗe a duro. Maganin shi ne a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, a bar man duro ya kwanta kafin a ɗiba, kada a ɗebo na can ƙasa, a kuma tace da mazurari mai rariya.

Injin ban ruwa

Yawancin injinan da ke gonakinmu masu inci biyu da inci uku ne, ƙirar Honda GX160 da ire-irensa na Sin. Ba su da batir, don haka binciken ya fi sauƙi. Bi wannan tsari:

1. Ajiye injin a wuri mai daidai. Da yawansu suna da na'urar da ke yanke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa. Injin da aka ajiye a karkace a bakin rafi, na'urar za ta ɗauka mai ya ƙare. Buɗe murfin ka duba, man ya kai bakin ramin. Irin wannan injin kusan lita 0.6 yake ci.
2. Cika famfon da ruwa ta murfin sama. Tayar da shi a bushe yana ƙona sil, gobe ka ga yana yoyo ya ƙi jan ruwa.
3. Makunni a kan ON, famfon mai a buɗe, cok a rufe, totur kamar kashi ɗaya cikin uku.
4. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga da ƙarfi. Kada ka sake ta ta koma da kanta.
5. Da ya kama, buɗe cok kaɗan-kaɗan. Bar shi ya yi minti biyu ko uku kafin ka ƙara masa wuta.

Idan ka ja sau biyar ko shida bai kama ba, kwance filogi. Idan a jiƙe yake, mai ya yi yawa: buɗe cok, rufe famfon mai, kashe makunni, ja igiya sau da yawa ba filogi, busar da shi ka mayar. Idan a bushe yake ƙamas, mai ba ya zuwa: sassauta ƙusar da ke ƙasan kofin kafireta ka tara a gwangwani. Idan ba abin da ya fito, layin ya toshe. Idan ka ga ɗigon ruwa ya kwanta a ƙasan gwangwanin, zubar da man tankin gaba ɗaya ka sa sabo.

Gwajin wuta: sa filogi a hularsa, jingina ƙarfensa da jikin injin nesa da ramin filogin da duk inda fetur ya zube, kunna makunni, ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so. Idan ja ne mai rauni ko babu, gwada sabon filogi. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Filogin ajiya ɗaya a aljihu ya fi tafiya Kura ko Bunkure neman shago da sassafe.

Matatar iska ita ce hazo ya fi cuta. Ta soso, a wanke da ruwan sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda, a kakkaɓe ta a hankali, idan ta yi baƙi a canza. Masu cire matatar su yar wai don injin ya sha iska, ƙura suke ba shi ya ci. Kafin rani ya ƙare zai fara hayaƙi ya rasa ƙarfi.

Injin da aka jingine tun damina da fetur a cikinsa, man yakan bushe ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireta. Wannan sai an kwance an wanke. Idan za ka ajiye inji fiye da wata ɗaya, zubar da man tanki da na kafireta.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoma da yawa sun mayar da injinansu masu amfani da iskar gas. Da sanyin asuba, tukunyar da gas ɗinta ya kusa ƙarewa ba ta turo shi da ƙarfi. Idan injinka na cin duka biyun, tayar da shi da fetur, in ya yi ɗumi ka juya. Tukunyar ta tsaya a tsaye. A gwada yoyo da ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, kumfa za ta nuna. Ba a gwadawa da ashana, ba a kuma ɗumama tukunya da wuta.

Babur da A Daidaita Sahu ma tsarin ɗaya ne: mai, cok, filogi, matatar iska. Idan batirin babur ya yi rauni da safe, yi amfani da kik, kada ka yi ta danna sitata.

Dabarun da ke jawo asara

- Hura wuta ko ajiye garwashi a ƙarƙashin inji don ya yi ɗumi. Tiyon mai na roba ne, ɗigo ɗaya ya isa. Idan ɗumi kake so, tura motar inda hantsi zai same ta, buɗe bonet, ka ba ta rabin awa.
- Zuba fetur a bakin shigar iska, ko kanga tsumma mai fetur a injin man gas. Wuta na iya dawowa ta baya ta kama hannu da fuska, a injin mai hita kuma abin na iya fashewa.
- Gauraya fetur ko kananzir a man gas. Yana cinye famfon injekta da nozul, waɗanda suna cikin kayan da suka fi tsada a injin.
- Kwara tafasasshen ruwa a kan inji mai sanyi ko kan kayan wuta.
- Tayar da inji ko janareta a cikin ɗaki ko shago a rufe saboda sanyi. Hayaƙin yana da guba marar wari, yana kashe mutane cikin barci.
- Taka totur har ƙasa da zarar inji ya kama. Baƙin mai bai gama zagayawa ba tukuna.

Yaushe za a kira makanike?

Idan batir ya cika, mai na zuwa, wuta na nan, iska na shiga, amma har yanzu shiru. Idan injin na juyawa da sauƙi fiye da kima kamar ba komai a cikinsa, ko igiyar injin ban ruwa ta daina yin tauri. Idan baƙin mai ya koma fari-fari kamar madara, ko ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba. Idan ka ji ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. Idan injin ya ƙi juyawa sam ko da batir mai kyau. A waɗannan, tsayawa ya fi arha. Kuma idan ka kira shi, gaya masa ƙarar da ka ji da abin da ka riga ka duba. Zai zo da kayan da suka dace, kai ma ba za a canza maka abin da lafiyarsa ƙalau ba.

Shiri tun kafin sanyi ya sauko

Gyaran da aka yi a Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan an kawar da shinkafa, ya fi wanda za a yi a bakin gona da asubar Janairu.

- A kai batir a gwada shi, musamman wanda ya haura shekara biyu.
- A canza baƙin mai da filtarsa. A bi lambar da kamfanin injin ya rubuta. Mai irin 15W-40 ya fi SAE 40 zalla saurin zagayawa da sanyi. Ƙananan injinan Honda 10W-30 aka fi rubuta musu. A guji man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba.
- Injin ban ruwa sabo a canza masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Mai ban ruwa kullum, wannan bai fi mako biyu zuwa uku ba.
- A duba matatar iska duk mako muddin ana hazo.
- A rufe inji da buhu ko tamfol da dare, bayan ya huce.
- Motar da za ta yi lodin asuba a ajiye ta tana fuskantar hanya, inda za a iya tura ta ko wata motar ta matso kusa da batirinta.

Ga ƙungiyoyin manoma

Ba kowane manomi ne zai iya sayen komai ba, amma ƙungiya ko ƙungiyar masu amfani da ruwa ta layi ɗaya za ta iya ajiye akwati guda: wayar jan wuta mai kauri, mitar awon wuta, sufanar filogi, sufana mai lamba 10 da 12 da 13, filogi uku ko huɗu, igiyar tayar da inji, fis, filtar man gas, mazurari mai rariya, da tocila. A damƙa shi a hannun mutum ɗaya da kowa ya san gidansa, a rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar.

Tarakta ko motar ƙungiya kuma a ajiye mata littafi: ranar da aka sayi batir, ranar da aka canza mai da filta, awannin da ta yi aiki, da sunan direban da ya fita da ita. Kayan da kowa ke amfani da shi ba wanda ke tuna ranar da aka yi masa sabis, sai littafi. Ranar da ƙungiya za ta yi lodin tumatir, a tayar da motar tun da yamma a saurare ta. Idan ta yi nauyin tashi da yamma, da asuba ba za ta tashi ba, kuma da yamma akwai sauran lokacin kai batir caji ko neman wata motar.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya tsare mu daga asara.